Me ya sa ƙasa ke lotsawa a gindin manyan tsaunuka?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina duba taswirar Asiya, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne shimfiɗaɗɗen filin da kogin Ganges ke ratsawa a gindin Himalaya, wanda laka da yashin da ke ƙarƙashinsa suka kai kaurin kilomitoci. Idan karon nahiyoyi ne ke ɗaga ƙasa, me ya sa wadda ke daf da tsaunin ta nutse?

Ɗalibin ilimin ƙasa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da farantin Indiya, wato ƙaton sashen ɓawon ƙasa da Indiya ke kai, ya yi karo da na Asiya, kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, ɓawon ƙasa yake naɗewa kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu, yana tsagewa, wani sashe yana hawa kan wani, har kaurinsa a ƙarƙashin Tibet, da ke arewacin Himalaya, ya kai kusan kilomita 70, alhali na nahiya bai cika wuce 40 ba. Wannan tulin duwatsu nauyi ne da aka ɗora wa gefen farantin Indiya. Ka shimfiɗa siririn katako a kan katifa, ka aza dutse a bakinsa: zai lanƙwashe, ya fi nutsewa kusa da dutsen, lotsawar tana raguwa yayin da kake nisa. Haka kwarin da ke ƙarƙashin filin Ganges yake, shi ya sa lakarsa ta fi kauri ta arewa, tana sirancewa zuwa kudu. Ruwan sama da ƙanƙara kuwa suna zaizaye tsaunin, koguna suna kwaso ɓarɓashinsa suna cika ramin da nauyinsa ya haifar.

Mai bibiya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya tsallake abin da ya fi ƙayatarwa, wato kwarin ba ya tsayawa wuri guda. Har yanzu Indiya tana matsawa arewa santimita kaɗan a kowace shekara, don haka gaban tsaunin yana cin gefen kwarin, shi kuma kwarin yana ja kudu. Tuddan Siwalik da ke gindin Himalaya shaida ne: tsakuwa da yashin da koguna suka zubar a dā ne aka matse, aka ɗaga, suka zama ɓangaren tsaunin da ya haife su.

Ɗalibin ilimin ƙasa:
Gaskiyarka, Malam, na gode da wannan cikon. Irin wannan kwari yana nan a arewacin tsaunukan Alps na Turai, da kuma gaban tsaunukan Zagros na Iran, inda ƙasar Iraki da Tekun Fasha suka lotsa, naɗe-naɗen duwatsun wurin kuma suka tare man fetur mai ɗimbin yawa.

Mai neman sani:
Allah Ya saka da alheri. Misalin katakon nan ya warware mini ƙullin, yanzu zan koma kan taswirar in nemi tuddan Siwalik.