Darasin ɗa'ar aikin likita ya canza ku kuwa?

Ɗalibar aji uku: Assalamu alaikum. Mun fara darasin ɗa'ar aikin likita, amma rabin ajinmu lokacin barci suka mai da shi. Yayyenmu da suka riga mu shiga asibiti, ya amfane ku kuwa?

Ɗalibin aji biyar: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ma don jarabawa na haddace ƙa'idojin nan huɗu: mutunta zaɓin majinyaci, amfanar da shi, kauce wa cutar da shi, da adalci. Sai ranar da aka aike ni karɓar amincewar wata dattijuwa kafin tiyata. Na miƙa takarda, ta sa hannu, har na kai ƙofa ta ce, "Ɗana, me za a cire mini ne?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dawo, na ja kujera, na yi mata bayani daga farko. Ba don darasin ba, da ban ma gane laifi na yi ba.

Ɗalibar aji shida: Ni labarin binciken da aka yi a garin Taskigi ne ya girgiza ni. Daga 1932 zuwa 1972 likitoci a Amurka suna kallon ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere ba magani, har bayan an samu fenisilin, maganin da ke warkar da cutar, don kawai su ga yadda cutar ke cin jiki. Malaminmu bai yi wa'azi ba, tambaya ya jefo: cikin waɗannan likitocin, wa yake ganin kansa mugu? Aji ya yi tsit.

Sabon likita: Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. A aji an koya mana sirrin majinyaci amana ne. Makona na farko a asibiti, babban likita ya faɗi sakamakon gwajin wani saurayi da ƙarfi, na gadon kusa suna ji. Ba wanda ya tanka, har da ni. Bayan wata biyu na ji bakina na cewa "hantar gado na shida", ko sunan mutumin ban sani ba.

Ɗalibin aji biyar: Amma Dakta, ai ka ji kanka kana faɗa, kuma ga shi har yau yana damunka.

Sabon likita: Yana damuna. Wata tsohuwar nas ce ma ta gyara ni. Ta bari mun fita, ta ce, "Likita, shi ma fa yana da suna."

Ɗalibar aji uku: Dakta, da ka tanka wa babban likitan a ranar, me kake jin zai faru?