Wa ya kashe kasuwar fim ɗin Hausa, mai turawa ko waninsa?

Ɗan Poli: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya a motar Ƙaura Namoda zuwa Gusau na zauna kusa da wani yaro, tun daga tasha har muka shigo gari yana kallon shiri mai dogon zango a wayarsa, kuma ko sau ɗaya talla ba ta katse shi ba. Na tambaye shi, ya ce a shagon caji aka tura masa, kashi goma naira ɗari. Abin ya tsaya mini a rai. Maganata ɗaya ce: masu tura fim a waya su suka kashe kasuwar fim ɗin Hausa. Ba fassarar Indiya ba, ba hukumar tace fina-finai ba. Su ne.

Mai Caji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka san dai ina cikin gidan nan ko?

Ɗan Poli: Na sani Yaya. Shi ya sa na kawo ta gabanka, ban yi ta a bayan idonka ba.

Mai Caji: To na gode da haka. Amma kafin in fara turawa, faifai nake sayarwa a Tsohuwar Kasuwa, kayana daga Ƙofar Wambai ta Kano suke zuwa. Fim zai fito, in biya kuɗi in yi odar na asali mai kwali mai kyau, kafin kayan su sauka a tasha sai in tarar yara na yawo da na jabu a baro, fim shida a faifai guda, a kuɗin da bai kai na nawa guda ɗaya ba. Wa zai saya a wurina? Daga baya ma mutane suka daina gyara na'urar kallon in ta lalace, waya ta isa kowa. Yanzu haka katan biyu na faifai suna ƙarƙashin bencin shagona, ƙura ta rufe su, kuɗina ne a ciki. Ni gawa na tarar, ba ni na yi kisan ba.

Kawu: Ku ɗiyana kuna gardama bisa faifai. Mu da munka ga silima da idonmu bari mu sa baki. Fili ne babba mai katanga, babu rufi, allo can gaba, benci jere. Bayan isha'i aka farawa, in ruwa ya sauko kowa shi nemi maɓoya. Indiya da Canis aka nunawa. Ka biya a ƙofa, a yaga maka tikiti, kuɗi sun shiga ke nan, babu mai kwafe allo shi kai gida. To Yarima, gwamnan Zamfara na lokacin, ya ayyana Shari'a a watan Oktoba 1999, anka fara aiki da ita a Janairu 2000, anka rufe gidajen silima. Ni ban yi kuka ba, don abin da aka yi bakin ƙofar nan na shaye-shaye da lalata ba shi da daɗin faɗi. Amma ku lura da wani abu. Fim ɗin Hausa na bidiyo da wani fim mai suna Turmin Danya ya fara a Kano, 1990, kuma a kaset yaz zo. Ke nan wanga sana'a ba ta taɓa rayuwa da kuɗin ƙofa ba a garinmu. Tun ranar haihuwa bisa abin da aka iya kwafewa take zaune.

Anti Malama: Allah ya ƙara girma, Kawu. Ni ma abin da zan ce ke nan ta wata fuska. Mu mata wace sinima muka sani? Yarinyar da aka gani a ƙofar sinima aurenta ma sai an sha wuya. Kaset ne ya kawo mana fim har tsakar gida. Ina tuna yadda ake aiken ƙanena ya karɓo haya, a fito da talabijin a ɗora kan turmi, a shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta su shigo da goyonsu, mu fi ashirin a kan kaset guda. Ba wanda ya kira mu ɓarayi a lokacin. Me ya sa yau wanda ya tura wa mutum ashirin ya zama makashi?

Ɗan Poli: Anti, da bambanci. Wancan kaset ɗin mai shagon haya sayensa ya yi, furodusa ya ga kuɗinsa ko yaya ne, kuma kaset na tsufa, zarensa na tsinkewa, dole a sake saye. Yanzu fa? Yawancin masu shirya dogon zango a YouTube suke sakawa, abincinsu daga talla yake. Kafin ma a fara ba ka kason talla sai tasharka ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, sannan a ba ka kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar. Mai turawa zai sauke kashi ɗaya sau ɗaya, ya zuba shi a waya ɗari biyu. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Mai kyamara, mai haske, mai kwalliya, yaron da ke riƙe sandar ɗaukar murya cikin rana, duk daga wannan lissafin ake sallamarsu. Wannan ne ke ci mini rai, wallahi.

Auta: Yaya Ɗan Poli, gaskiya ka faɗa, amma data fa? Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ni kashi biyu na kalla sai saƙon ƙarewa ya shigo. Kuɗin makaranta zan nema ko na data?

Mai Caji: Yawwa Auta. Kuma ku tuna Satumba 2021, da aka katse sabis a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Gusau ta yi kusan wata guda babu kira balle intanet, ƙananan hukumomi suka fi haka daɗewa. YouTube ɗin tana ina a lokacin? Abin da ke cikin kwamfutata shi mutane suka kalla. Har yau akwai masu zuwa mini daga ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis. Mutum zai zo cin kasuwa, ya kwance memori daga ƙullin leda, ya ce cika mini, na matan gida ne. Wannan mutumin ko na rufe shago ba zai zama mai kallon YouTube ba. Ba a rasa shi ba, don dama ba a taɓa samunsa ba. Ta hannuna ne ma ya san fuskokin 'yan wasan.

Ɗan Poli: Na yarda da na ƙauye. Amma yaron cikin motar nan ɗan gari ne, wayarsa ta fi tawa. Kuma Yaya, kyauta kake cika memorin?

Mai Caji: A'a. Ina sayen mai, ina biyan haya, ina ciyar da gida.

Ɗan Poli: To shi ma furodusa haka.

Anti Malama: Nan kam ya kama ka, Mai Caji, kada ka kauce. Sai dai ni ina da ƙorafi a kan su ma masu shiryawar. Tunda aka koma neman awannin kallo, labarin da zai ƙare a awa biyu sai a ja shi shekara. A yi sallama, a gaisa, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, a kawo ruwa, minti goma sun tafi ba a ce komai ba. Ni malamar makaranta ce, na san bambancin darasi da cika lokaci. Ɗalibaina mata da yawa sun koma fassarar Indiya, in ka tambaye su sai su ce can labari na gudu.

Mai Caji: Wannan gaskiya ne, a shagona ma masu neman fassara sun fi yawa, musamman samari. Shi ya sa na ce a daina ɗora mana laifin duka.

Kawu: Ku tsaya, kada a bar tambayar yaron nan ta faɗi ƙasa. Hakkin mutane ba abin wasa ba ne. Mai Caji, tsakaninka da Allah, akwai abin da ke komawa ga masu fim daga cikin abin da kake samu?

Mai Caji: Tsakanina da Allah, Kawu, a da akwai. Lokacin da ake fitar da fim mai kashi ɗaya da biyu, akwai wanda muke saye a hannunsa da izinin masu shi, ina biya kafin in tura, kuma ban taɓa jin ƙyashi ba. Na YouTube kuwa ba na biyan kowa, saukewa nake yi. Ba zan yi maka ƙarya ba. Da za su naɗa wakili a Gusau, su ce ga abin da kowane shago zai bayar a wata, su riƙa ba mu sabon kashi a ranar da ya fito, ni ne farkon sa hannu. Amma in na daina ni kaɗai, shago uku ne a layinmu, mai memori gaba zai yi.

Ɗan Poli: To ban janye ba, amma na rage. Ba ku kuka fara kashe ta ba, na karɓa. Amma yau ku ne ke tsaye tsakanin mai kallo da mai fim, kuɗin a hannunku yake tsayawa.

Mai Caji: Ka zo ranar Asabar ka zauna daga azahar zuwa magariba. Ka ƙirga masu zuwa, ka tambayi kowa daga ina yake da abin da ya sa bai kalla a intanet ba. Abin da ka samu ka kawo shi nan, ko ya goyi bayana ko ya kayar da ni.

Ɗan Poli: Zan zo in sha Allahu, da littafi da biro. Ka fito mini da katan ɗin faifan nan ma, ina son in gani.