Dankali "waxy" da "floury": mi za mu rubuta jikin leda?

Mai kanti: Salamu alaikum jama'a. Kantunan Sakkwato sun fara ƙulla dankalin Turawa cikin leda da takarda manne. Turawa na raba shi biyu, "floury" da "waxy". Muna son Hausar da mai saye zai gane nan take.

Hajiya mai abinci: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na farkon ba ya buƙatar ƙirƙira. Mai gari ke nan, yadda muke cewa rogo mai gari ko doya mai gari. In ya dahu sai ya dare, ya farfashe. Shi ya dace da suya. In anka sa shi cikin miya narkewa yake yi.

Dillalin kasuwar Ramin Kura: Ɗayan kuma mai danƙo.

Hajiya mai abinci: A'a Malam, danƙo na sakwara ne, abin da ke kama hannu. Wanga ba ya kama hannu sai in an daka shi. In an yanka shi an dafa, yankan na nan yadda yake.

Malamin gona: Hajiya ta yi gaskiya. Kada kuma a fassara "waxy" kai tsaye da "mai kakin zuma", babu kaki cikinsa. Bambancin na sitaci ne. Mai gari ya fi sitaci, ɗayan ya fi ruwa, shi ya sa in an soya shi yake laushi maimakon ya yi ƙamas. Gwajin mai sauƙi ne: a narkar da gishiri giram 120 cikin ruwa lita 1, a wanke dankali a jefa. Mai gari zai nutse, ɗayan ya taso. A gwada kamar 10 daga buhu guda, don ƙwaya ɗaya ba ta wakiltar buhu. Irin dankalin da ake kira Nicola, da ake nomawa Bokkos da Mangu a Filato, yana cikin masu riƙe jikinsu: doguwar ƙwaya, cikinta rawaya.

Dillalin Ramin Kura: To mai ruwa fa?

Malamin gona: Mai saye zai ɗauka ya fara ruɓa. Ina ganin "mai riƙe jiki" ya fi, don aikinsa cikin tukunya ya faɗa.

Hajiya mai abinci: Na yarda da shi. Amma a rubuta "dankalin Turawa" cikakke, don wasu in sunka ji dankali kawai, kudaku, wato dankalin Hausa, suke ɗauka ana nufi.

Mai kanti: Madalla. Takarda za ta zama haka: Dankalin Turawa, iri Nicola, mai riƙe jiki, na dahuwa da miya, daga Filato, kilo 2, da ranar ƙullawa.

Malamin gona: Alhaji, ledar ta zama mai huji, kuma a kau da ita daga hasken rana da na fitila. Haske ke sa bawo ya yi kore, koren kuma alamar dafi ne mai ɗaci, a fere shi sosai ko a zubar. Kada a sa shi firij: sanyi na mayar da sitaci sukari, suya ta yi baƙi tun cikin bai dahu ba.