Taƙaitawar tattaunawa kan tafiyar dawaki

1. An yi ittifaƙi cewa mafi yawan dawaki suna da tafiyar hankali, sassarfa da sukuwa, kuma sassarfa ce ta fi jijjiga mahayi, domin ƙafar gaba da ta baya ta ɗaya ɓangaren suna sauka tare.

2. Dokin ƙasar Aislan ya sha yabo saboda tafiyarsa ta tölt, wadda a cikinta ƙafa ɗaya aƙalla tana ƙasa koyaushe.

3. Ra'ayi ya rabu kan asalin wannan baiwa. Wasu sun ce gado ce, suna kafa hujja da ƙwayar gado ta DMRT3, wadda aka gano tasirinta kan tafiyar dawaki a 2012. Wasu suka ce sai da horo take gyaruwa, kamar taƙamar dawakin hawan sallah.