Kwana a bakin ruwan Tiga da Bagauda: shawarwarin masu zuwa

Kan masu yawan kwana a bakin madatsun nan na kudancin Kano ya haɗu a kan lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar ruwa. Sauro ya ragu, hanya ta bushe, sai dai sanyin asuba a bakin ruwa ba wasa ba ne, don haka a riƙe bargo mai kauri.

Kafin a sauke kaya, a gaida mai unguwa, a nemi izini. Shi zai faɗi gonar wa ce, da inda ba a kwana.

Wurin kafa tanti masu zuwan suka fi daɗewa suna bayani a kai. A nemi tudu, kamar taku 60 daga ruwa, a kauce wa burtali da mashayar shanu. Turaku ba sa kama rairayi, iskar dare kan tumɓuke su. A cika buhu da yashi, a ɗaura igiya, a binne shi. Ƙofar tantin ta ba iska baya. Kada a shigar da gawayi mai wuta cikin tanti ko sanyi ya kai ina, domin iskarsa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Ruwan sha a taho da shi, lita 4 ga kowane mutum a yini. Wanka a ruwan da ke kwance, inda katantanwa take, shi ke kawo tsargiya, musamman ga yara. Wasu ma na ganin mai iyali ya yini a bakin ruwa, ya kwana a masauki cikin gari. Da safe a kaɗe takalmi saboda kunama.