Filtar wutar agogon furosesa ta ƙara mini hayaniya

Salamu alaikum. Kwana biyar ke nan wannan abu ya hana ni sakat. Layin 3.3V da ke ciyar da PLL ɗin furosesa (sashen da ke daidaita bugun agogo) yana da hayaniya, bugun agogon sai rawa yake yi. Na saka ferayit (ɗan abin da ke tace hayaniyar wuta) da kafasitocin siramik, 10µF da 100nF, dab da ƙafar cif ɗin. Maimakon sauƙi, sai osiloskop (na'urar duba siginar wuta) ya nuna wani tudun hayaniya wajen mitar 50kHz wanda da babu shi. Na ƙara kafasita, tudun ya koma wata mita ta ƙasa kawai. Da na jera rezista 10Ω kuwa ya lafa, amma wuta ta ragu da 0.2V, PLL ya daina kama mitar agogon.

Don Allah, yaya ake lissafin rezistar da za ta kwantar da tudun nan ba tare da ta ci wutar ba?