Me za mu kira "tragedy" da Hausa? Sofokilis ne ya jawo maganar

Jama'a, a taimaka mini. Daren jiya ina juya wata maganar Sofokilis zuwa Hausa, maganar kanta ba ta ba ni wahala ba, amma da na zo faɗin ko shi wane ne sai na tsaya cak. Marubucin me zan ce?

Mutumin Atina ne ta ƙasar Girka, ya rasu a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana da kusan shekara 90. Ya rubuta wasannin kwaikwayo sama da 120, guda 7 kacal suka iso mana cikakku. Maganar da nake juyawa ita ce wadda 'yan amshi suka rufe wasan Sarki Odifus da ita, wato kada a ce wane ya ji daɗin duniya sai an ga ya cika ba tare da masifa ta same shi ba. Ina karantawa na ce ashe Girkawa ma sun san ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

To, irin wannan wasan su suna ce masa tragoidiya, daga nan Turawa suka samo tasu, wato "tragedy". Fassararta kai tsaye "waƙar bunsuru". Wani abokina ya ce a bar ta haka. Na ce masa Bahaushe na jin bunsuru, wari da Ɗan'akuya zai tuna, dariya za a yi a inda ake son kuka.

Wata 'yar'uwa ta kawo "wasan baƙin ciki". Bai zauna mini ba. Baƙin ciki a bakinmu yana ɗauke da hassada, ka ji "ɗan baƙin ciki". Kuma ba duka ke ƙarewa da mutuwa ba, wasan Sofokilis mai suna Filoktitis da sulhu ya ƙare.

Wani malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce "wasan ban tausayi" aka saba. Gaskiya ne Malam, amma rabi ta ɗauko. Aristotil, masanin falsafa na Girka, cewa ya yi wasan yana tayar da abu biyu a zuciyar mai kallo, tausayi da tsoro. Odifus ya kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa bai sani ba, shi da kansa ya yi ta bincike har gaskiya ta fito, ya tsokale idanunsa. Mai kallo ba tausayinsa kaɗai yake ji ba, gabansa ma faɗuwa yake, don mutumin ba mugu ba ne.

"Wasan ƙaddara" ya burge ni da farko, sai dai yana wanke jarumin tas, alhali taurin kansa ma na cikin abin da ya jawo masa.

Ni dai na fi karkata ga "wasan juyayi". Ku saurari yadda muke amfani da ita: muna juyayin rasuwar wane, wannan tausayi ne, ina juyayin abin da zan tarar a gida, wannan fargaba ce. Kalma ɗaya, kaya biyu. Na riga na rubuta "Sofokilis, marubucin wasannin juyayi" a ƙasan maganar. Sakkwatawa da mutanen Damagaram, haka juyayi take a bakinku, ko in goge?